Diski mai tera 4 yana nuna tera 2, kuma ko in haɗe diskokina uku su zama ɗaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar bidiyon buki da suna ne a nan Maradi, ina da ɗan shago a unguwar Zariya. Abu uku suka dame ni. Na farko, na gama haɗa bidiyon wani buki ya kai giga 9, na zo turawa a kilen USB na mai buki, kile mai giga 32 wanda babu komai a cikinsa, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Na biyu, na aika an sayo mini diski mai tera 4 daga Kano, na ɗaura shi a cikin kwamfutar tebur, amma tera 2 kaɗai nake gani. An cuce ni ne? Na uku, ina da tsofaffin diski uku, biyu masu tera ɗaya-ɗaya, ɗaya mai tera 2, duk sun kusa cika. Wani abokina ya ce ana iya haɗe su su zama diski guda, in huta da neman aiki daga wannan zuwa wancan. Yaya ake yi, kuma akwai haɗari? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amin, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambayoyinka biyu na farko uwa ɗaya ta haife su: wurin ajiya yana nan bai ƙare ba, lissafin da ake rubuta wurin da shi ne ya kai iyaka. Gyaransu ba wuya, kuma ba sai ka kashe ko dala ba. Ta ukun ce ke buƙatar a zauna, domin can ne mutum ke iya asarar aikin shekaru a dare ɗaya.

Diski shi kansa bai san wani abu wai shi bidiyo ko hoto ba. Ƙananan gurabe ne jere, miliyoyi bisa miliyoyi, kowane gurbi da lambarsa. Ka ɗauke shi kamar babban sito na ɗan kasuwa, wanda ba a gane inda kaya suke sai an buɗe littafin mai sito. Littattafan nan biyu ne. Na farko yana faɗin yadda aka yanka siton ɗaki-ɗaki, kuma iri biyu ne, MBR ko GPT. Na biyu yana cikin kowane ɗaki, yana faɗin sunan kowane fayil, girmansa, da guraben da ya zauna. Shi ne tsarin fayil, irin su FAT32, exFAT da NTFS. Kowane littafi an ja masa layuka masu iyakacin faɗi tun ranar da aka ƙirƙiro shi. In layin lambobi huɗu kawai yake ɗauka, ba ka iya rubuta buhu dubu goma a ciki, ko da siton ya kai filin jirgi.

Kilen da ya ƙi karɓar giga 9

Kilen mai bukin yana kan FAT32 ne, kusan ba shakka, domin haka yawancin kile masu giga 32 zuwa ƙasa ke fitowa daga masana'anta. Microsoft ta fito da FAT32 a 1996, zamanin Windows 95, lokacin da diskin kwamfuta gaba ɗayansa bai fi giga ɗaya ko biyu ba. Layin da aka ware wa girman fayil bit 32 ne, wato lambobi 32 a ƙirgar kwamfuta ta 0 da 1, babbar lambar da ke shiga ciki kuwa ita ce 4,294,967,295. Wato fayil guda ba ya wuce giga 4, har ma da ragin bayit ɗaya. Kilen zai karɓi fayil bakwai masu giga uku da rabi ba gardama, amma guda ɗaya mai giga 5 ba zai shiga ba.

Ku masu bidiyo kun fi kowa cin karo da wannan. Kamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cinye giga 45 a awa ɗaya, ka ga giga 4 bai kai minti shida ba ya cika. Shi ya sa in ka duba ƙaramin katin kamara za ka tarar ta yayyanka ɗauka ɗaya zuwa gutsattsari da yawa. Ba lalacewa ta yi ba, tana kauce wa wannan iyakar ce. Katunan SD masu giga 32 zuwa ƙasa da FAT32 suke zuwa, masu giga 64 zuwa sama da exFAT.

Mafita ita ce a sake wa kilen fomat a zaɓi exFAT, wanda aka fito da shi a 2006 musamman don kile da kati. Iyakar girman fayil a cikinsa ta wuce duk abin da za ka taɓa ɗauka, kuma Windows da Mac duka suna karanta shi suna rubutu a kansa. Fomat yana share komai, saboda haka a fara kwashe abin da ke ciki. In ba ka son sharewa, akwai umarnin convert E: /fs:ntfs, ka sa harafin kilen a madadin E, zai mayar da shi NTFS ba tare da taɓa fayiloli ba.

Amma kafin ka yi ko ɗaya, tambayi mai bukin a ina zai kalla. In a talabijin zai soka kilen, ko a irin ƙananan dikodan nan, da yawa daga cikin tsofaffinsu FAT32 kaɗai suka sani. Ka ba shi exFAT ya je gida, ƴan uwa sun taru, talabijin ta ce babu komai a kile, kai za a kira maƙaryaci. Ga irin wannan, ka bar kilen yadda yake, ka fitar da bidiyon kashi uku daga manhajar haɗawa: ɗaurin aure daban, kamu daban, walima daban, kowane ƙasa da giga 4. Dama mutane sun fi son haka, ba mai zama ya kalli awa uku a jere.

Tera 2 da suka ɓace

Mai yiwuwa ba a cuce ka ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, za a buɗe maka shafin da kwamfuta mai Faransanci ke kira Gestion des disques. Nemi sabon diskin a jerin ƙasa. In zatona daidai ne, za ka ga zane mai kashi biyu: na hagu da shuɗin layi a samansa, an rubuta wajen giga 2048, na dama da baƙin layi, wajen giga 1678, an ce ba a raba shi ba. Ka danna kansa ka ga duk zaɓin sun dushe, ba abin da ke dannuwa. In haka ka gani, diskinka lafiya lau yake, an dai buɗe shi da MBR ne.

MBR ya girmi FAT32 nesa ba kusa ba, tun 1983 yake. Shi ma bit 32 yake ƙirga gurabe da su, kowane gurbi bayit 512. Ka ninka 4,294,967,296 sau 512, abin da zai fito shi ne giga 2048 ɗin da kake gani. Duk gurbin da ke bayan wannan lambar, littafin ba shi da hanyar ambatonsa. GPT, wanda ya zo tare da UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, bit 64 yake amfani da su, kuma Windows na barin a yanka diski har kashi 128 a kansa.

Gyaran: kwashe abin da ka riga ka zuba a diskin, goge kason da ke ciki har zanen ya koma baƙi gaba ɗaya, danna dama a kan sunan diskin a gefen hagu, ka zaɓi mayar da shi GPT, sannan ka yi sabon kaso guda da NTFS. Ka duba lambar diskin sau biyu kafin ka goge, kada hannu ya faɗa kan na aiki. Tun da ajiya kawai za ka yi a kansa, ba tayar da Windows ba, ko tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 za ta karanta shi. Irin su Windows XP mai bit 32 da waɗanda suka girme ta ne ba su san GPT ba.

Bayan ka gama za ka ga giga 3726, wato tera 3.63, ba 4 cif ba. Wannan ma ba cuta ba ce. Masu ƙera diski suna ƙirga dubu-dubu, Windows tana ƙirga 1024-1024, shi ya sa diskin tera ɗaya ke nuna giga 931.

Daga nesa nake magana, diskin ba ya hannuna, don haka ga alamomi biyu da za su nuna zancen ya sha bamban. In shafin ya nuna girman diskin gaba ɗaya bai wuce tera 2 ba, babu wani baƙin kashi a gefe, to ko dai takardar da aka manna a jikinsa ƙarya ce, ko kuma, in ta tsohon akwatin USB ka haɗa shi, akwatin ne bai iya ƙirga fiye da haka ba. Ƙaramar manhaja CrystalDiskInfo, kyauta ce, za ta nuna maka lambar samfurin diskin ta gaskiya da awannin da ya yi yana aiki. A shagona na sha ganin diskin da aka sayar a matsayin sabo, a cikin leda, amma awanninsa sun nuna ya shekara da shekaru yana juyi a wata ƙasa. Kile na jabu kuwa sun fi yawa: a jiki tera 1 ko 2, a ciki ƴan giga kaɗan, yana karɓar kaya yana rubuta sabo a kan tsoho. Manhajar H2testw na tona asirinsu, domin cika kilen take yi ta sake karantawa.

Kada kuma ka damu da iyakar NTFS kanta. Da tsarin da Windows ke zaɓa da kanta kaso ɗaya na kaiwa tera 16, in an ƙara girman gungun gurabe zuwa kilobayit 64 ya kai tera 256.

Haɗe diski uku

Abokinka bai yi ƙarya ba, ana yi. Hanyoyin ma sun fi ɗaya, kuma bambancinsu shi ne duk maganar.

Hanya ta farko ita ce jerawa: a ɗaura ƙarshen diski na farko da farkon na biyu, na biyu da na uku, a shimfiɗa tsarin fayil guda a kansu. Naka zai ba da tera 4 a harafi ɗaya, wato Windows ta nuna su a matsayin diski guda, kamar D ko E. Windows ta daɗe tana yin haka tun Windows 2000, har diski 32 tana iya jerawa, amma Microsoft da kanta ta daina ba da shawarar wannan tsohuwar hanyar, ta koma kan sabon tsarinta na haɗa diski, Storage Spaces, da ya zo da Windows 8 a 2012. A Linux, LVM ke wannan aikin. Ta biyu ita ce RAID 0: kowane fayil a yayyanka shi ƙanana a watsa a kan diskokin duka lokaci ɗaya. Yana da sauri sosai, amma kowane diski ana ɗaukarsa ne daidai da mafi ƙanƙanta, ka ga naka tera 3 zai bayar, tera ɗaya ta tafi a banza.

Duka biyun cutarsu ɗaya. Littafi guda ne ke riƙe da diski uku. Ranar da ɗaya ya mutu, ba kashi ɗaya cikin uku ka rasa ba, harafin gaba ɗaya ne zai ɓace. A RAID 0 babu abin tsinta, tun da kowane bidiyo akwai yankinsa a cikin mamacin. A jerawa, manhajojin ceto kan tsamo wasu fayiloli daga diskokin da suka rage, sau da yawa ba suna ba tsari, manyan bidiyo kuwa su ne suka fi fitowa a gutsure. Na ga wannan a wurin wani mai tura fina-finai da waƙoƙi a waya a kusa da babbar kasuwa. An jera masa diski uku, yana jin daɗi komai a wuri ɗaya. Da ɗaya ya fara ƙaran nan na ƙwas-ƙwas in an kunna, biyun da suka rage lafiyarsu ƙalau, suna juyi, amma Windows ta sa jan tambari a kan ukun duka. Shi aƙalla kayansa ana samunsu wurin abokan sana'a, ya bi ya sake tarawa. Kai kuwa ɗaurin auren ƴar wani da aka yi a Tibiri bara, wa zai sake ɗaura maka shi?

Lissafin ma ba ya goyon bayan haɗewa. A ce, misali kawai, kowane diski yana da kashi 5 cikin 100 na yiwuwar mutuwa a shekara. In an haɗe uku, yiwuwar ɗaya daga cikinsu ya mutu ya tafi da komai ta haura kashi 14. Naka kuma tsofaffi ne, sun sha zafin Afrilu da Mayu na Maradi da ƙurar hunturu, sun sha ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu. In ta USB suke haɗe abin ya ƙara muni, domin waya ɗaya ta yi sako-sako ya isa tarin duka ya fita daga layi.

Sai hanyoyin da ke da kariya. Sunan RAID ya bazu ne daga wata takarda da masana uku na jami'ar Kalifoniya a Berkeley, Patterson da Gibson da Katz, suka fitar a 1988, kuma dabararsu ita ce a tara diski masu araha a sadaukar da wani kaso na wurin domin in ɗaya ya faɗi aiki ya ci gaba. RAID 1 madubi ne, diski biyu, duk abin da aka rubuta a wannan an rubuta a wancan, rabin wuri kake samu. RAID 5 na son aƙalla diski uku, yana cin wurin guda ɗaya, yana jure mutuwar ɗaya. RAID 6 na son huɗu, yana jure mutuwar biyu. Da diskokinka, madubi a Storage Spaces zai ba ka wajen tera 2, RAID 5 ma tera 2. Ka ga kayan da ke kansu yanzu ma ba za su shiga ba. Ƙari a kan haka, duk diskin da aka sa a Storage Spaces sai an share shi tukuna.

Kuma ko madubin ba ya maye gurbin kwafi na biyu. In yaron shago ya goge babban fayil bisa kuskure, a diski biyun ya goge a daƙiƙa ɗaya. In ƙwayar cutar nan mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta shiga, duka biyun za ta kulle. In wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona kwamfuta, ko ɓarawo ya ɗauke ta, madubi da mai kallon madubi sun tafi tare. RAID maganin tsayawar aiki ne, domin banki ko asibiti da ba sa iya rufewa na awa ɗaya. Akwatunan ajiya na Synology ko QNAP, da tsare-tsare irin ZFS da Btrfs masu gano fayil ɗin da ya ruɓe a ɓoye, duk suna da kyau, amma sai shago ya kai mutum uku ko huɗu suna haɗa bidiyo a kan kaya ɗaya, ga kuma wuta tsayayya, kafin kuɗinsu ya halatta.

Abin da zan yi da a ce shagon nawa ne

Abin da ke damunka a gaskiya nema ne, ba rashin harafi ɗaya ba. Wannan kuwa ana magance shi ba tare da an ɗaure diskokin da igiya ɗaya ba. NTFS na barin a ɗora diski sukutum a cikin fankon jaka. Ka buɗe jaka mai suna Ajiya, a cikinta ka yi fankon jaka uku, sannan a shafin nan na diskmgmt.msc ka danna dama a kan kowane tsohon diski, ka shiga wurin canza harafi, ka ƙara masa hanya zuwa ɗaya daga cikin jakunkunan. Daga nan in ka buɗe Ajiya za ka ga ukun a wuri ɗaya, alhali kowane yana da littafinsa. Ɗaya ya mutu, biyun ba ruwansu, ka cire kowanne ka kai wata kwamfuta ya buɗe. Akwai manhajojin da ke yin fiye da haka, su nuna diskoki da yawa a matsayin harafi ɗaya amma kowane fayil ya zauna cikakke a diski guda: StableBit DrivePool a Windows, na saye ne, da mergerfs a Linux, kyauta. In dole sai an haɗe, irin wannan haɗin nake yarda da shi ga mai ƙaramin shago.

Ƙara da manhajar Everything, ita ma kyauta, wadda ke fito da fayil tun kana rubuta haruffan farko na sunansa. Sai dai sunan ya zama mai ma'ana: shekara, wata, rana, sunan mai buki da gari. Jaka ashirin masu suna "sabon aiki" ba manhajar da za ta cece ka daga gare su.

Sabon diskin kuma, ga maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Kai wuri ka saya, amma abin da ka fi buƙata kwafi ne. Tsofaffin uku in an tara tera 4 ne, sabon ma tera 4 ne, kuma a yanzu duk aikin da ka taɓa yi kwafi ɗaya gare shi, a kan diskokin da suka tsufa. Ni da zan fara kwafe su duka a kan sabon. Sannan in zauna in tace: bidiyon da aka gama haɗawa aka miƙa, a riƙe shi a wuri biyu, ɗanyen ɗauka kuwa, wanda shi ke cinye mafi yawan wuri, a yanka masa wa'adi, a faɗa wa mai buki tun ranar ciniki cewa bayan wata kaza za a share. Wanda ke son a riƙe masa ya kawo diskinsa ko ya biya kuɗin ajiya. Wannan tacewar kaɗai za ta buɗe maka wurin aikin watanni.

In kuɗi ya samu, abu na gaba ondular ne, wato akwatin batir na kwamfuta, ko ƙarami, wanda zai riƙe kwamfuta mintunan da za ka kashe ta da hannunka. NTFS na da ɗan kundin da ke taimaka masa ya farfaɗo bayan yankewar wuta, exFAT ba shi da shi, shi ya sa ban so ka sa exFAT a babban diskin ajiya ba, ka bar shi ga kile da kati. Bayan ondular sai diski na biyu mai tera 4 a cikin akwatin USB, wanda zai riƙa kwana a gida ba a shago ba, kana kawo shi ranar da ka ware a mako ka zuba sabon aiki ka mayar. FreeFileSync na kwafe abin da ya canza kawai, ba sai an sake tura komai ba.

Kafin ka fara kwafewar, buɗe CrystalDiskInfo a kan tsofaffin uku. Wanda ya nuna rawaya ko ja, da shi za ka fara, kuma kada ka yi masa fomat ko wani gyara sai kayansa sun gama sauka a sabon.